Martani: Kuɗin Aike Ba Ya Maye Gurbin Miji

Marubucin da ya wallafa cewa cin rani, wato tafiyar magidanta neman kuɗi bayan girbi, alheri ne tsantsa ga iyali muddin ana aiko da kuɗi, ya auna aure da mudun kasuwa, kuma ya yi kuskure babba. Mutumin Tawa da ya nufi Abijan ko Libiya yakan ƙudurta dawowa kafin damina, amma sau da yawa shuka takan wuce bai iso ba, sai noma da jinyar yara da bashin hatsi su koma kan matarsa, alhali kuɗin da ake taƙama da su sukan faɗa hannun mahaifinsa ko wansa, ita kuwa sai abin da aka ga dama aka miƙa mata. Ɗan fari kuma akan cire shi daga makaranta ya riƙe gona. Marubucin bai ko ambaci matar mafƙudi ba, wato mijin da labarinsa ya yanke, wadda a mazhabar Malikiyya, idan ya bar mata abin ci, za ta jira shekara 4 bayan ta kai ƙara gaban alƙali, sannan ta yi takaba kafin wani aure ya halatta gare ta.