Kar mu sayar da tarihinmu a kilo

Jama'ar Dakoro, tsofaffin Peugeot 404 da 504 da ke kwance bayan gareji fa ba tarkace ba ne. Su suka yi jigilar geronmu, majinyata da amare zuwa Kornaka da Maraɗi tun hanya tana jar ƙasa. 504 ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna. Yau a Turai nemanta ake, a gyara, a adana. Mu ko sai mu auna wa ƴan gwangwan a kilo. In sun ƙare, me za mu nuna wa jikoki? Don Allah magajin gari ya ceto ko biyu, makanikanmu su tashe su, a ajiye wa gari.