ZANCEN ZANGO: Wa Zai Tsaya Tsakaninmu Da Askar?

Jama'a, zancenmu na wannan fitowa a kan 'yan sanda ne, waɗanda mu ke kira askar, da yadda za mu zauna da su a nan Riyad. Mun sani magana ce wadda mutanenmu ba su son a yi ta da ƙarfi. Da yawa cikinmu a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, waɗansu ma 'yan ƙasa ne da takardunsu cif, amma in motar sintiri ta kunno kai cikin lungu sai ka ga hira ta mutu, kowa ya tuna da wani aiki a gida. Ɗan sandan kuwa da ya ga an watse, me zai zata? Sai ya ce lalle akwai abin da a ke ɓoyewa. Ga tsoro a nan, ga zato a can, babu kuwa wanda ya yi wa wani laifi.

Kakanninmu ba su bar wannan al'amari haka kawai ba. Duk inda Bahaushe ya sauka ya kafa zango, abu na fari shi ne a tsai da mutum guda wanda hukuma ta san fuskarsa. A Kumasi akwai Sarkin Zango. A Ibadan, tun da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo cikin 1916, Sarkin Hausawa ne ke tsayawa tsakaninsu da masu gari. Baƙo in ya iso, mai masauki ya kan kai sunansa; in an yi sata, wurin sarki a ke fara zuwa. Waɗanda suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, har waɗansu suka ƙetare teku suka zauna Makka da Madina, su ma sun sami manya irin su Alfa Hashim a Madina, wanda Takari ke kai wa kukansu. Mu ne dai, da muka bazu cikin babban birni, kowa da motarsa da wayarsa, muka saki wannan igiya.

To, ita ƙasar nan tana da nata mutumin tsakani, shi ne umda, watau mai unguwa. Ba sarautar gado ba ce, aikin Gwamnati ne, kuma da ofishin 'yan sanda ya ke aiki. Shi ke shaida cewa wane a unguwar nan ya ke zaune, shi ke taimakawa a iske wanda kotu ke nema, sau da yawa kuma shi ke kashe rigimar maƙwabta tun ba ta kai gaban alƙali ba. Har dokar binciken laifi wadda aka kafa cikin 2001 ta ambace shi: in za a bincike gida, sai a gaban mai gidan, ko wakilinsa, ko wani baligi cikin iyalinsa, in ba a sami ko ɗaya ba, sai a gaban umda ko shaidu biyu. Ku duba fa, doka da kanta ta ajiye wa mutumin unguwa wurin tsayawa. Amma mutum nawa cikin masu karanta takardar nan suka san sunan umdan unguwarsu? Mu kan neme shi ran da mu ke son hatimi, mu manta da shi sai wata buƙata.

Wanda ya ke ganin zancen nan ƙarami ne, ya tuna da Manfuha. Cikin watan Afrilu 2013 Sarki Abdullahi ya ba baƙi wa'adi su gyara takardunsu, aka ƙara wa'adin har ran 3 ga Nuwamba. Kashegari aka fara kame. Daren 9 ga wata rikici ya ɓarke a Manfuha tsakanin baƙi, yawancinsu mutanen Habasha, da 'yan unguwa da askar. Aka rasa rayuka, mutum 68 suka yi rauni bisa ga lissafin 'yan sanda, aka kama fiye da 500. Da gari ya waye, ga mata da yara da ƙunshin kaya a bakin titi, suna jiran motocin da za su kai su wurin tarhil. Cikin watannin da suka biyo baya mutanen Habasha wajen 160,000 aka mayar gida. A ganinmu jita-jita ta yi ɓarna a daren nan kamar yadda duwatsu suka yi. Kowane ɓangare ya ji labarin abin da aka ce ɗayan ya aikata, ba a kuwa sami dattijon da duka biyu za su ji maganarsa ba. Waɗansunmu da ke zaune kusa sun kwana biyu ba su fita ba, ko da ya ke takardunsu lafiya lau, domin a irin wannan dare launin fata a ke fara gani kafin igama.

A shekarar nan dai, a Makka, aka ga ɗaya hanyar. Mutanen Barma, waɗanda suka daɗe a can kamar yadda namu suka daɗe, hukuma ta gyara musu zama, ta ba su igama ta shekara huɗu kyauta. Aikin ya bi ta hannun manyansu ne, su suka san wane ɗan wane, su suka tsaya shaida. Ba a ranar suka fara gaisawa da hukuma ba.

Saboda haka ga shawararmu. Kowace unguwa da mu ke da yawa, ko Manfuha ce, ko Udu, ko Gubaira, a zaɓi mutum biyu ko uku, a kai su su gaisa da umda, shi kuma ya san da su a ofishin 'yan sandan yankin. Ba muƙami mu ke nema ba, ba ƙungiya za mu kafa ba, sanayya ce kurum. Sai dai a yi hankali wajen zaɓe. A nemi mai Larabcin ƙasar nan sosai, wanda kuma Hausarsa ba ta gudu ba, gama akwai tsofaffinmu da sababbin zuwa waɗanda in tsoro ya kama su Larabci ya kan ƙwace musu, su amsa laifin da ba su fahimta ba. A nemi mai sana'arsa, wanda ba ya jiran a sa masa wani abu a aljihu. Mun san masu yawo da jaka suna cewa sun san wani babba a ciki, su karɓi kuɗin gwauruwa su ɓace. Irinsu ne suka sa in an ce mutumin tsakani sai jama'a su taɓe baki.

Aikin yana da wuya, kada mu ruɗi kowa. In mutanenmu suka ɗauka ɗan rahoto ne, ba mai sake gaya masa kome. In askar suka ɗauka mai ɓoye masu laifi ne, shi ma ya shiga uku, domin hukuncin wanda ya ba mai shigowa ta ɓarauniyar hanya masauki ko mota ya kan kai ɗaurin shekara 15 da tarar riyal miliyan ɗaya. Don haka tun farko ya faɗa wa kowane ɓangare iyakarsa: ba zai ɓoye kowa ba, ba kuma zai bi gida gida yana ƙirga mutane ba. Nasa shi ne ya raka wanda aka kira, ya fassara daidai, ya gano inda aka kai yaron da aka kama don uwarsa ta sami barci, ya kuma ƙarfafa wa wanda aka zalunta ya kai ƙara. Wannan na ƙarshe ya fi damunmu. Ɓarawo ya san gidan da ba a buga 911, can ya ke komawa.

Samari za su ce yanzu zamanin Absher ne, kome a waya a ke yi. Gaskiya ne, mun kuwa gode, an huta da layi. Amma waya ba ta iya ce wa hafsa, yaron nan mun san ubansa, ga gidansu can.

Kada kuma a manta da mata. Akwai abin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba ko dattijo ne, balle a ofis. Tun da yanzu akwai mata cikin aikin tsaro a ƙasar nan, ya kamata cikin waɗanda za a zaɓa a sa dattijuwa ɗaya a kowace unguwa. Masu unguwannin da suka shirya su aiko mana da sunayen, mu buga su a fitowa ta gaba.