Tarkacen da ake cusa wa mai sayen mota bashi

A Amurka cinikin motar hannu hawa biyu ne. Na farko a fili ake yinsa: a zagaya mota, a buɗe inji, a ɗana, a taya, a sallama. Na biyu a wani ɗan ofis ake yinsa can ciki, wurin ma'aikacin da ke haɗa takardun bashi da na inshora. Mai saye yana shiga da tunanin an gama ciniki, saura sa hannu. Alhali a wannan ofis ne dillalin yake fitar da kaso mai tsoka na ribarsa.

Ma'aikacin nan ba ya son maganar jimillar kuɗi. Abin da yake tambaya shi ne nawa za ka iya biya a wata. Da zarar ka faɗa, ka ba shi mudu, shi kuma sai ya cika shi taf. Idan bashin motar kaɗai bai kai abin da ka ambata ba, sai ya cike ragowar da abubuwan da ba ka nema ba: ƙarin garanti, maganin kare fenti, zana lambar mota a jikin gilashi, na'urar bin sawu, har da iskar naitirojin a taya. Idan kuma kuɗin ya zarce, sai ya ja wa'adin biya daga wata 60 zuwa 72, biyan wata ya sauko, kai kuma ka ɗauka rangwame aka yi maka.

Mu yi lissafi. A ce an cusa maka tarkacen dala 2,000 a bashin wata 72, da ruwan kashi 12 cikin ɗari a shekara. Abin da zai ƙaru a biyanka na wata bai wuce dala 39 da 'yan kai ba. Mutumin da ya wuni yana ciniki, ya gaji, ga mota yana hango ta taga, ba zai tsaya jayayya a kan dala 39 ba. Amma kafin ya gama biya ya zuba sama da dala 2,800, domin tarkacen ma ruwa yake haifa kamar yadda kuɗin motar ke haifa.

Ba duk abin da ake sayarwa a ofishin ne banza ba. Akwai inshorar da ke cike giɓi idan mota ta yi raga-raga ko aka sace ta, alhali bashin da ya rage ya fi ƙimarta. Wanda bai ba da kafin alƙalami mai yawa ba tana iya yi masa rana. Abin da nake ƙi shi ne a saka wa mutum abu ba da saninsa ba, ko a ce masa banki ba zai ba da bashin ba sai da shi, alhali ƙarya ne.

Kuma ana yi. A 2022 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, tare da jihar Ilinoi sun maka kamfanin dillancin motoci na Napleton a kotu, aka sasanta a kan dala miliyan 10. Binciken da aka gabatar a ƙarar ya nuna kashi 83 cikin ɗari na masu sayen da aka tambaya an caje su kuɗin irin waɗannan ƙare-ƙare ba da yardarsu ba, ko ta hanyar yaudara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zargin cewa baƙar fata sun biya ƙarin kimanin dala 190 na ruwa, da dala 99 a kan ƙare-ƙaren, fiye da fararen fata. 'Yan'uwanmu da ke zaune can, musamman sababbin zuwa da ba su da tarihin bashi kuma Turancin takardun yana yi musu nauyi, su ne irin waɗanda ake hangowa tun daga bakin ƙofa.

A Disambar 2023 hukumar ta fitar da ƙa'idar da za ta tilasta wa dillalai faɗin ainihin farashi, da samun yardar mai saye ƙarara kafin a caje shi komai. Ta kuma haramta sayar da abin da ba shi da amfani, irin su yarjejeniyar canjin baƙin mai ga mota mai aiki da lantarki, ko taya mai naitirojin da ba ta fi iskar duniya naitirojin ba. Iskar da muke shaƙa dama kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Hukumar ta ƙiyasta ƙa'idar za ta rage wa masu saye asarar fiye da dala biliyan 3.4 a shekara. Ƙungiyar dillalan motoci ta ƙasa da ta jihar Tekzas suka garzaya kotu. A Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara da ke Niyu Olins ta soke ƙa'idar, ba don ta wanke dillalai ba, sai don hukumar ta tsallake wani matakin sanarwa tun farko. Ƙa'idar ba ta yi aiki ko na yini ɗaya ba.

Mu a nan mun saba da sayen tokumbo kuɗi hannu, a biya la'ada a tashi. Wannan yana sauyawa. Mota ta yi tsadar da albashi ba ya iya ɗauka lokaci guda, gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin CREDICORP a 2024 don faɗaɗa sayen kaya bashi, bankuna da kamfanonin intanet kuma suna tallar mota a biya kaɗan-kaɗan. Duk inda biyan wata-wata ya shiga, ƙofar cusa tarkace ta buɗe. Sunayen ne za su bambanta: kuɗin fom, kuɗin duba mota, kuɗin tiraka, inshorar da ba a bar ka ka zaɓi kamfaninta ba. Masu Adaidaita Sahu da suka karɓi mashin bisa biyan kullum sun san yadda jimilla ke ɓacewa a bayan ɗan abin da ake karɓa kowace yamma.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne muna da ma'auni a gida. Cinikin murabaha, wanda bankin Jaiz yake yi tun 2012, bankin TAJ ya biyo baya a 2019, sharaɗinsa shi ne mai sayarwa ya faɗi nawa ya sayo, nawa ya ɗora riba. Bankin da ke kiran cinikinsa da wannan suna, in ya ɓoye kuɗin tiraka ko na inshorar takaful a cikin jimilla, ya saɓa wa sharaɗin da ya ɗaura wa kansa, kuma malaman da ke kwamitin shari'arsa su ne farkon waɗanda ya kamata su tsawata.

Sauran masu ba da bashin kuwa, aikin hukumar kare haƙƙin masu saye ne, wato FCCPC. Ta nuna tana da haƙori lokacin da ta dirar wa manhajojin bashi a 2022. Ina kira gare ta ta wajabta takarda mai shafi ɗaya kafin sa hannu, cikin harshen da mai saye yake ji: farashin mota kuɗi hannu, kowane ƙari da kuɗinsa a layinsa, wanda yake dole da wanda yake na zaɓi, da jimillar abin da za a biya har ƙarshe. A kuma ba mai saye damar tafiya da ita gida ya kwana a kanta. Gara a kafa wannan yanzu, tun dillalai ba su saba da ribar ba balle su haɗa kuɗin lauyoyin kare ta.