Wasiƙa zuwa ga masu jagorar baƙi a tsofaffin gidajen Natchez

Zuwa gare ku, iyayena mata da 'yan uwana maza, ku da kuke tsayawa a ƙofofin manyan gidajen Natchez ta jihar Misisipi kuna tarbar baƙi. 

Ni ɗaya ne daga cikin mutanen da suka bi bayanku ɗaki-ɗaki a watan Maris da ya wuce, lokacin da sanyi ya ja baya, furanni suka buɗe ja da fari a gindin manyan itatuwan nan da wata ciyawa mai kama da furfura ke reto a rassansu. Kwana huɗu na yi a garinku. Na ci abincinku, na sha inuwar barandarku, kuma na dawo gida da wata magana da ta ƙi barin zuciyata. Na ga ya fi in faɗa muku ita a fili da in yi ta faɗa a bayan idonku.

Zan fara da godiya, don kun cancance ta. Na san cewa a 1931 matan ƙungiyar masu lambu ta Natchez sun gayyato takwarorinsu na jiha su zo kallon furanni, sai sanyi ya ƙone furannin. Da abin nunawa ya ɓace, sai suka buɗe wa baƙin ƙofofin gidajensu. Baƙi suka yaba, shekara ta zagayo, a 1932 aka mai da abin buki na kowace shekara. A lokacin talauci ya yi wa garin katutu, ƙwarin auduga sun riga sun gama da gonaki, rufin gidaje na yoyo. Kuɗin ƙofar da matan nan suka riƙa karɓa ya taimaka aka toshe yoyon, gidajen suka kai gare mu a tsaye. Duk wanda ya taɓa ganin yadda damina ke cin tsohon soro idan an bar yi masa yaɓe ya san girman wannan aiki.

To amma sunan da aka sa wa bukin a harshenku shi ne sunan da ake kiran ziyarar wurare masu alfarma, kuma ziyara tana da ladubbanta. A inda na tashi, idan ka yi sallama a gida ba maigida kaɗai kake gaisarwa ba. Za ka gai da uwargida, ka gai da tsohuwar da ke bakin murhu, ka gai da yaron da ya kawo maka ruwa. Wanda ya durƙusa wa maigida ya tsallake sauran mutanen gidan, ana cewa bai iya gaisuwa ba. Gidajen da kuke nunawa mutane iri biyu ne suka zauna a cikinsu, masu gida da bayinsu. Roƙona shi ne ku kai baƙonku ya gai da kowa.

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mu kuwa yaron da ke riƙe wa makaho sanda ɗan jagora muke kiransa, sunan sana'arku ke nan. Inda kuka nuna nan muke kallo, inda kuka wuce da sauri ba mu san an wuce komai ba. A wani gida da ba zan ambaci sunansa ba, wata dattijuwa mai fara'a ta yi kusan rabin sa'a tana nuna mana fitilun da aka kawo daga Faransa, da gadon katako mai rumfa, da farantan da aka ci abinci a cikinsu ranar auren 'yar gidan. Ta san shekarar kowane kofi. Da muka zo wata 'yar siririyar matakala a bayan ɗakin cin abinci, wadda tsakiyar kowane takinta ya lotsa saboda yawan hawa da sauka, sai ta ce ta nan ma'aikata suke bi, ta ja mu gaba. Na tsaya na sa ƙafata a cikin wannan lotsawar. Katako mai tauri ba ya lotsawa haka sai ƙafafu sun yi shekaru suna takawa, ɗauke da ruwan wanka, da itace, da tasar bayan gida. Na tambaye ta su wane ne. Ta ce ba a sani ba. Ban ga mugunta a fuskarta ba, haka aka koya mata, ita ma haka ta ji daga wadda ta gada.

Ku fara gyara daga kalma. Ma'aikaci yana da lada, kuma idan ya gaji yana iya ajiye aiki ya kama gabansa. Waɗannan mutane sayensu aka yi, ana jinginar da su a banki, ana raba su a gado tare da dawakai da kujeru, ana sayar da ɗa a bar uwa. Bayi ne, ko ku ce mutanen da aka bautar. Idan kalmar ta yi muku nauyi a baki sau ɗaya ko sau biyu, za ta saba. Baƙi ba za su gudu ba.

Na ga yadda ake yin abin da kyau a Melrose, gidan lauyan nan John McMurran, wanda yanzu yake hannun hukumar kula da wuraren tarihi ta gwamnatin tarayya. A saman teburin cin abinci akwai wani faffaɗan allon katako mai sassaƙa, rataye daga rufi, da igiya a jikinsa. Panka suke kiransa, kalmar Indiya ce, ita ce ma ta zama fanka a bakinmu. Mai jagorarmu ya bar mu muka ƙare masa kallo, muka yaba sassaƙar, sa'an nan ya nuna inda igiyar ta sauka, ya ce a nan yaro bawa yake tsayawa yana ja, yana korar ƙuda, har a gama cin abinci. Sai ya yi shiru na ɗan lokaci. Kowa a ɗakin ya dubi wannan kusurwar da babu kowa a cikinta. Daga nan ya fita da mu ta baya, ya nuna ƙararrawar kiran bayi, da gine-ginen bulo biyu masu bene, ɗakin girki da ɗakin madara, waɗanda bayin gida ke kwana a samansu. Kyan gidan bai ragu a idona ba ko kaɗan. Ƙaruwa ma na yi, don na fita na san yadda gidan yake tafiya daga asuba zuwa dare. Ku koyi wannan shirun, yana daga cikin kayan aikinku.

Abu na biyu, ku gaya wa baƙo inda kuɗin ya fito. Yawancin masu zuwa suna zaton a tsakiyar gona suke tsaye, alhali da yawa daga cikin gidajen Natchez gidajen zama ne na gari da bayan gari. Gonakin audugar suna can nesa, wasu a tsallaken kogi a Luwiziyana, inda ɗaruruwan bayi ke aiki ƙarƙashin mai bulala, maigida kuwa sai jefi-jefi yake leƙawa. Wanda ya ga bayin gida goma ko ashirin kawai zai raina lissafin. A ƙidayar 1860 bayi a Amurka sun kusa miliyan 4, kuma a Misisipi sun fi rabin mutanen jihar. Frederick Stanton, wanda ya gina Stanton Hall a ƙarshen shekarun 1850, dillalin auduga ne kuma mai gonaki. Haller Nutt na Longwood ma mai gonakin auduga ne. Kuna son ba da labarin Longwood, kuma labari ne mai kama zuciya: gida mai kusurwa takwas da ƙubba a kansa, wanda Samuel Sloan na Filadelfiya ya zana, aka fara a 1860, yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, maginan Arewa suka ajiye kayan aiki suka koma gida, iyalin suka ƙare rayuwarsu a hawan ƙasa, benayen sama kuwa har yau ba a gama su ba. Ku ci gaba da ba da shi. Ku ƙara da cewa jan bulon da ya tashi wannan gini a nan filin aka buga shi aka gasa, kuma bayi ne suka buga. Su ba su da wata Filadelfiya da za su koma.

Sa'an nan ku tura kowane baƙo Forks of the Road, mararrabar da ke kamar mil guda daga tsakiyar gari. Daga 1833 zuwa 1863 nan ce kasuwar bayi mafi girma a yankin in ban da ta New Orleans. Kamfanin Franklin da Armfield yakan taso mutane daga Alexandria ta jihar Bajiniya, ɗaure da sarƙa, wasu a jirgin ruwa, wasu a ƙasa tafiyar kusan mil 1,000. Yau ɗan fili ne da alluna da wasu ƙarafan mari da aka kafe a cikin siminti. Babu ginshiƙi, babu fure. Da yamma na je, mu uku ne kacal a wurin, alhali da safe layi na bi kafin in shiga gidajenku. Kalma ɗaya daga bakinku a ƙarshen zagaye za ta canja wannan.

Na san za ku ce sunayen sun ɓace. Wasu sun ɓace, gaskiya ne. Ƙidayar bayi ta 1850 da ta 1860 shekaru da jinsi da launi kawai ta rubuta a ƙarƙashin sunan ubangida. Amma akwai takardun rabon gado a kotun gunduma, inda aka jera sunan kowane bawa da kuɗin da aka ƙiyasta masa. Akwai takardun jingina da na ciniki, akwai wasiƙun uwargida da ke ƙorafi a kan mai girki ko tana yaba mai ɗinki, akwai takardun fansho na baƙaƙen sojojin da suka yi yaƙi a ɓangaren Arewa, akwai ƙidayar 1870 wadda ta fara kiran 'yantattu da sunayensu. Wanda ya iya gano shekarar da aka ƙera cokali zai iya gano sunan wadda take wanke shi. Aikin zama ne da haƙuri, irin na lokacin sanyi kafin baƙi su zo.

Wasu sunayen ma ba sa bukatar tono. John Roy Lynch bawa ne a Dunleith yana yaro. A 1872 ya zama kakakin majalisar Misisipi, a 1873 ya shiga majalisar wakilai ta ƙasa, bai kai shekara talatin ba. William Johnson, wanzamin Natchez, baƙi ne 'yantacce wanda ya rubuta abubuwan yau da kullum daga 1835 har aka kashe shi a 1851, kuma shi kansa ya mallaki bayi. Kada ku ɓoye wannan ma, tarihi bai zo a goge ba. Sai wanda ya fi taɓa ni, Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, Bafulatani ɗan sarki daga Futa Jalon, mai karatu da rubutu da Larabci. An kama shi a yaƙi a 1788, aka sayar da shi ga Thomas Foster a Natchez, ya yi shekara arba'in yana bauta a gona, ana kiransa Yarima. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ce ta bi hannu-hannu har ta kai ga hukumomin Maroko da na Amurka, aka sake shi a 1828. Ya yi yawo garuruwan Arewa yana neman kuɗin fansar 'ya'yansa, bai samu isasshe ba, ya rasu a Monrobiya ta Laberiya a 1829 bai sake ganin garinsu Timbo ba. Mutumin da ya yi karatun allo irin wanda na yi ya taka titunan da kuke bi kullum.

Ku yi hattara kuma da tatsuniyoyin sana'a, waɗanda ɗan jagora ke gada daga ɗan jagora. Sau biyu aka ce mini madubin da ke ƙarƙashin teburin bango na duba gefen siket ne, alhali mace a tsaye ba za ta ga ƙafarta a ciki ba, don ƙara hasken kyandir da ƙawata ɗaki aka sa shi. An kuma ce mini gidajen ba su da ɗakin ajiye tufafi saboda haraji, wanda babu wannan harajin. Ƙananan abubuwa ne, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, baƙon da ya kama ku a kan madubi ba zai yarda da ku a kan kasuwar bayi ba.

Akwai tambayar da za a yi muku kusan kullum: ai dai mutanen gidan nan suna kyautata wa bayinsu ko? Mai tambayar kwanciyar hankali yake nema, kuma ɗabi'arku ta karɓar baƙi za ta ja ku ku ba shi. Ku faɗi abin da takarda ta nuna kawai. Idan an 'yanta wani a wasiyya, ku faɗa. Idan an sayar da wasu don biyan bashi, ku faɗa. Idan wasu sun gudu zuwa wurin sojojin Arewa da suka shigo garin a 1863, ku faɗa, don ƙafarsu ta riga ta amsa tambayar. Ku tuna kuma cewa a cikin masu sauraronku akwai jikokin waɗanda suka ja igiyar fanka, wasu ma maƙwabtanku ne a garin.

Ba ina wannan magana don tarihinmu ya fi naku haske ba. Ƙasar Hausa ta yi bauta, ta yi rinji da gandu, muna da kalmomin bawa da kuyanga da bacucane, kuma sai a 1936 doka ta kammala soke bauta a Arewacin Najeriya. Masu nuna wa baƙi fadoji da ganuwa a wurinmu su ma ba kasafai suke faɗin wanda ya ɗauki tubali a ka ba. Abin da nake roƙonku shi nake roƙon su.

In Allah ya kai mu baɗi zan dawo, tare da 'yata mai shekara goma sha biyu. Zan fara kai ta mararrabar nan ta ga marin da ke cikin siminti, sa'an nan mu zo gidan da ke da siririyar matakala. Na san halinta, za ta sa ƙafa a cikin lotsawar ta tambayi su wane ne. Akwai wata goma sha ɗaya tsakani, kotun gunduma kuma ba ta da nisa da ku.

A gai da mutanen gida duka.

Naku,
Baƙonku na watan Maris