Ƙwaryar Burukutu Ba Ta Da Ma'auni

'Yan'uwa manoma, mun sha jin ana cewa burukutu abinci ne, tun da daga dawa aka yi shi. Mu ba mu yarda ba, ga kuwa dalilinmu.

Gaskiya akwai abin da likitoci ke kira kalori a cikin giya, wato ƙarfin da abinci ke ba jiki. Giram ɗaya na sinadarin maye yana da kalori 7, na garin tuwo kuwa wajen 4, na mai 9. Amma ƙarfin giya kamar wutar kara ne, ta yi bal-bal ta mutu. Ba ya gina tsoka, ba ya ƙara jini, sai dai ya ɗora wa hanta aiki. Shi ya sa za ka ga mashayi da tumbi, amma kunya uku ta gagare shi.

A Ingila suna auna giya da awo. Awo ɗaya shi ne mililita 10 na tsantsar sinadarin maye. A 2016 likitocinsu suka ce kada namiji ko mace ya wuce awo 14 a mako. Babbar kwalbar giya mai santilita 60, irin wadda samarinmu ke tararwa a wajen cin rani, tana da awo kamar 3. Ke nan kwalba biyar ta riga ta haura iyakar mako. A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin da za a sha a ce lafiya ta tsira.

To, ita kwalba ma an rubuta ƙarfinta a jiki. Ƙwarya fa? Tukunyar jiya daban, ta yau daban, wadda ta kwana ta fi kaifi. Tun 2000 da dokar Shari'a ta hana sayar da giya a Zamfara, mai sha a ɓoye yake sha, da sauri, babu mai ce masa ya isa.

Abin da ya fi damunmu shi ne rumbu. Daga Gurbin Bore har Zurmi da Shinkafi, kowa ya san ba duk gona ake iya zuwa ba saboda 'yan bindiga. Dawar da aka shigo da ita gida da ƙyar, in aka jiƙa ta aka yi tsiro, a watan Agusta yara za su neme ta.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa wannan magana a taronta kafin gayyar noman fari: a ciyar da masu aiki da fura da kunu, a kuma rubuta mudu nawa aka fitar.