Fitilar da Ta Ceci Matuƙa, Ta Halaka Tsuntsaye

A tsibirin Bardsey da ke gaɓar arewacin Wales a Birtaniya, akwai wata tsohuwar hasumiya mai kusurwa huɗu, tsayinta mita 30, wadda aka gina a shekarar 1821. A ƙololuwarta aka ɗora fitila domin ta nuna wa jiragen ruwa hanya cikin dare, kada su yi karo da duwatsu. Ta ceci rayukan matuƙa masu yawa, amma kuma ta daɗe tana zama ajalin tsuntsaye.

Dalili kuwa shi ne, yawancin ƙananan tsuntsaye masu ƙaura da dare suke tafiya, suna dogaro da taurari da maganaɗisun ƙasa wajen gane alƙibla. Idan gajimare ya rufe sama, babu farin wata, sai hasken fitilar mai juyawa ya ruɗe su. Su yi ta kewaya hasumiyar har su gaji su faɗi, ko su bugi gilashi. A dare guda akan tsinci gawawwakinsu ɗaruruwa.

Kada mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada. Cikin tsuntsayen da ke ratsa wannan gaɓa akwai masu ƙetare hamadar Sahara su yi hunturu a Afirka ta Yamma. Irinsu ne muke gani a dausayin Haɗeja da Nguru, suna cin ƙwari.

A shekarar 2014 aka cire tsohuwar fitilar, aka sa wata ja mai ƙyaftawa, wadda ke barin duhu tsakanin haske da haske. Mutuwar tsuntsaye ta ragu ƙwarai, jirage kuma ba su rasa jagora ba.

A ganina, babban darasin yana ga yadda aka kai ga wannan gyara. Tun daga 1953 aka kafa cibiyar lura da tsuntsaye a tsibirin, masu aiki a cikinta suka yi shekaru suna ƙirga abin da ya mutu, suna rubutawa. Wannan lissafi ne ya zama hujjar da ba ta musuntuwa. Da ba a ƙirga ba, da asarar ta zama labarin baka kawai.

Saboda haka, ya ku malamai, ku koya wa ɗalibai riƙe littafin lura: wane tsuntsu suka gani, a ina, kuma yaushe. Da yayyafi kogi kan cika, haka ilmin halittu yake taruwa.