A Amurka Ƙarfe Guda Ne Bindiga A Idon Doka

A ƙasar Amurka akwai wata sana'a da ta bunƙasa ƙwarai, wadda ba kasafai ake jin labarinta a nan ba, wato ƙera sassan bindiga domin masu sha'awar harbi. Su waɗannan maƙera ba bindiga sukutum suke ƙerawa ba. Wani ƙota ya ƙware a kai, wani bututu, wani kuwa kunama. Masu sayen kayansu galibi maharba ne da 'yan gasa, irin waɗanda ke taruwa a Sansanin Perry na Jihar Ohio, inda ake gudanar da babbar gasar harbi ta ƙasar tun 1907. Mai dogon hannu yana bukatar ƙota daidai kafaɗarsa, ɗan gasa kuma yana son kunama mai laushi domin kada hannunsa ya goce yayin da zai harba.

Bindigar da ta ɗaukaka wannan sana'a ita ce AR-15, wadda Eugene Stoner ya tsara wa kamfanin ArmaLite, kana kamfanin Colt ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1959. An yi ta ne gunduwa-gunduwa, ta yadda mai ita zai iya cire wani sashe ya sa wani a ɗakinsa ba tare da ya nemi maƙeri ba. Da wa'adin haƙƙin mallakar ya ƙare a 1977, sai ƙofa ta buɗe wa kowa. Misali shi ne kamfanin Magpul, wanda wani tsohon sojan ruwa, Richard Fitzpatrick, ya kafa a Jihar Colorado a 1999. Da wata 'yar roba ya fara, wadda ake maƙala wa gidan harsashi don ya yi sauƙin zarowa, amma ga shi ya zama ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a. Har ma da jihar ta kafa dokar taƙaita gidan harsashi zuwa mai cin guda 15 a 2013, sai kamfanin ya kwashe kayansa ya koma Wyoming da Texas.

To, abin lura a nan shi ne yadda dokar tarayya ke kallon waɗannan sassa. Bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, Majalisar Amurka ta kafa dokar kula da bindigogi. Bisa wannan doka, sashe ɗaya tak ne ake ɗauka a matsayin bindiga, wato gangar jikin da sauran sassa ke haɗuwa a kanta. Ita ake buga wa lamba, ita ce mai ƙera ta don sayarwa ke neman lasisi. Bututu da ƙota da kunama kuwa, a idon dokar tarayya ƙarfe ne da katako kawai, ana iya aiko wa mutum da su ta gidan waya.

Nan ne fa gizo ke saƙa. Wasu 'yan kasuwa sai suka shiga sayar da gangar jikin da ba a kammala ba, suna cewa ai guntun ƙarfe ne, alhali kuwa mai saye zai ƙarasa ta a gida ya sami bindiga marar lamba. Idan aka yi ɓarna da irinta, 'yan sanda ba su da hanyar gano inda ta fito. A 2021 kaɗai, hukumomi sun ba da rahoton kama kusan guda 20,000. Saboda haka a 2022 gwamnati ta ce a riƙa ɗaukar irin waɗannan kaya tamkar bindiga, kuma a watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta amince da hakan, alƙalai 7 suka goyi baya, 2 suka ƙi.

Sai dai kuma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Akwai wata ƙota ta roba da wani ƙaramin kamfani a Texas ya shahara da ita, wadda ke amfani da ƙarfin ja da bayan bindiga ta sa harsashi ya riƙa fita a jere kamar na bindiga mai sarrafa kanta. Don nishaɗi aka sayar da ita. Ran 1 ga Oktoba, 2017, wani mutum ya hau bene na 32 na wani otal a Las Vegas da bindigogi masu irin wannan ƙota, ya harba harsashi fiye da 1,000 cikin minti goma a kan 'yan kallon wasa. Mutum 58 suka mutu a lokacin, daga baya wasu biyu suka cika. Gwamnatin Donald Trump ta haramta ƙotar a 2018, amma a watan Yuni na 2024 Kotun Ƙoli ta soke haramcin, alƙalai 6 da 3, bisa hujjar cewa dokar da Majalisa ta rubuta ba ta haɗa da ita ba.

Babu mai musun cewa akasarin maƙeran nan mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, haka ma masu sayen kayansu. Amma hujjar da wasunsu ke kafawa, wai sashe ba bindiga ba ne, ba ta da ƙarfi, domin abin da ya auku a Las Vegas ya nuna cewa sashe guda yana iya sauya halin makami baki ɗaya. Abin da ya kamata a auna shi ne aikin da sashen zai yi in an ɗaura shi. Alƙalai sun faɗi iyakar abin da dokar 1968 da waɗanda suka gabace ta suka tanada. Saura ya rage ga Majalisar Amurka, wadda ita kaɗai ke da ikon sake rubuta su.